Romon Kawu Wanda Ba Ya Ƙarewa

Kawu ya iso gidanmu da jaka ɗaya, da doguwar farar hula irin ta masu girkin otal, da kuma shawarar da babu wanda ya roƙe shi. Bai ko zauna ba ya faɗa ɗakin girki, ya bi tukwane yana ɗaga murfi yana girgiza kai.

"Shi ya sa mijin Yaya ya rame," in ji shi. "Gida babu kuku. To ga kuku ya zo."

Kawu ƙanen Mama ne. Ya taɓa aiki a wani babban otal, wannan kam gaskiya ne. Abin da ba ya faɗa shi ne, a wurin ajiye motoci ya yi aikin, yana nuna wa direbobi inda za su tsaya. Sai dai kujerarsa tana ƙarƙashin tagar ɗakin girki, kuma a wurinsa duk ƙanshin da ya shaƙa ya zama ilimi. Hular ma iska ce ta jeho masa ita ta tagar.

Tun da Mama ta rasu Baba ya bar cin abinci. Zai karɓi faranti, ya yi godiya, ya kai cokali biyu baki, sannan ya ture shi gefe a hankali kamar kada farantin ya ji haushi. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Ni ban yi nisa a makaranta ba, facin taya nake yi a bakin titi. Na iya gano inda iska ke fita daga taya, amma ban san ta inda take fita daga jikin mutum ba.

Abu ɗaya ne Baba bai taɓa turewa ba: romon Mama. Duk ranar da muka ci kaza, kafin ta zauna ta huta, takan tsince ƙasusuwan ta zuba a tukunya da albasa da karas da tafarnuwa, ta bar su su yi ta hira a kan wuta. In ya dahu ta tace, ta rarraba a robobi, ta jera a firiza. Yanzu saura roba ɗaya, mai shuɗin murfi. A gefen murfin akwai shatin babban yatsanta, inda maiƙo ya daskare. Kullum da safe nakan buɗe firiza in dube ta, sanyi ya bugi fuskata, in rufe. Na san Baba ma yana yin haka, don nakan tarar an ɗan juya ta. Babu wanda ya iya narkar da ita a cikinmu. In aka sha, ya ƙare.

Ita Kawu ya gani, idanunsa suka yi haske.

"Kai yaro, kun ajiye dukiya kuna kwana da yunwa! Wannan ai iri ne. Za mu samo ƙatuwar tukunya, mu cika ta da kaza, mu dafa, sannan mu zuba wannan a kai. Ɗanɗanon Yaya ya bi tukunyar gaba ɗaya. Kullum a ɗiba, kullum a ƙara ruwa da ƙashi. Romo ne wanda ba ya ƙarewa. Jikokinka ma sai sun sha."

"Kawu, ana yin haka?"

"Ana yi? A otal ɗinmu akwai tukunyar da ta girmi manaja!"

Na san Kawu, na san bakinsa. Amma kalmar nan, wanda ba ya ƙarewa, ta samu wani wuri a ƙirjina ta zauna. Na dubi Baba a kujerarsa ta bakin taga. Na ce, "To, amma ba za a taɓa robar ba sai tukunya ta yi kyau."

"Sai ranar ɗanɗano," in ji Kawu, ya dafa ƙirji. "A gaban jama'a."

Da kaza aka fara. A kan teburinmu akwai ragowar wadda 'yan uwa suka kawo tun shekaranjiya, ba a sa a firji ba, fatarta har ta fara sheƙi. Kawu ya kwashe ta a bokiti. Bai ishe shi ba, ya bi gidan benen nan ƙofa ƙofa yana sallama yana tambayar ragowar ƙashi. Daga nan ya samu labarin an yi walima a ɗakin taron da ke tsallaken titi, ya je ya dawo da buhu guda, wanda ya wuni a but ɗin motar abokinsa a tsakiyar rana.

A matakala ya yi karo da Anti Nas, ma'aikaciyar jinyar da ke hawan sama da mu. Ta tsaya, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Malam, wa ya mutu a buhun nan?"

"Kaji ne, Malama, kuma ba yau suka mutu ba."

"Na ji alama. Ina za ka kai su?"

"Tukunya."

"Tukunyar shara?"

"Tukunyar romo! Wuta ai tana kashe komai."

"Wuta tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta kwashe gubar da ta riga ta zuba. Dafaffiyar kaza in ta wuce awa biyu a waje, balle cikin zafin nan, ta tashi daga abinci."

Kawu ya gyara hula. "Malama, ke allura kika karanta, ni girki na karanta. Na taɓa zuwa asibitinku na ce ga yadda za ki soki mutum?"

"In ka sha wannan za ka zo, kuma ni zan soke ka."

Tukunyar kuwa daga wani gidan abinci da ya rufe ya aro ta. Girmanta ya isa a yi wa yaro wanka a ciki har da ƙanensa. Ta ƙi shiga ƙofar ɗakin girki. Kawu ya juya ta, ya karkata ta, ya yi mata magana mai daɗi, ta ƙi. Sai ya sauka wurin Tela, mai shago a ƙasan bene, ya aro sukudireba ya cire ƙofar gaba ɗaya.

Tela ya biyo shi da awo a wuya. "Babban Kuku, girki za a yi ko gini?"

"Babban aiki sai da babbar ƙofa."

"To Allah ya sa kada a kai ga cire rufi."

Aka ɗora tukunya a kan murhu, ta haye kawuna biyu ta bar na uku yana leƙe. Kawu ya juye bokiti, ya juye buhu. Na ga cokalin roba ya bi, na ga tsinken sakace, na ga wata takardar goge hannu. Na yi magana, ya ce duk za su narke su zama sinadari. Ruwan bai kai ga tafasa ba, ya dai fara ɗumi kamar na wankan jariri, sai gas ya yi tari sau biyu ya ɗauke.

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu. "Dama gas yana ɓata ɗanɗano."

Washegari ina wurin aiki, abin da ya faru Tela ne ya ba ni labari, yana yi yana share hawayen dariya. Kawu ya samo murhun lantarki, ya nemi soket bai samu ba, sai ya zare wayar firji ya soka nasa. Murhun ya yi ja, ya yi ƙara, fis ɗin wutar gidan gaba ɗaya ya buga. Keken ɗinkin Tela ya tsaya a tsakiyar hannun rigar wani ango. Matar hawa na uku ta fito da rabin kitso, injin busar da gashi a hannu. Wani tsoho ya leƙo yana tambayar ko an fara yaƙi ne.

Da aka gyara fis, jama'a suka yi wa Kawu iyaka da duk wani soket na gidan. Bai karaya ba. Ya ce dama manyan kuku ba sa dogara da wuta. Ya ja tukunyar zuwa baranda inda rana ke faɗuwa, ya naɗe ta da bargo biyu da labulen falo da tsohuwar rigar sanyinsa, wai ta ƙarasa dahuwa da zafin jikinta.

Da na dawo da yamma na tarar da ita zaune kamar mai jego. Na kasa kunne. Tana magana. Ɓul. Can kuma, ɓul ɓul.

"Kawu, babu wuta fa a ƙarƙashinta."

"Ka ji ko? Tana tafasa da kanta! Ko a otal sau ɗaya na taɓa ganin haka."

Tela yana da wata kyanwa wadda ba ta ƙin komai. Ta ci zare, ta ci alli, ta taɓa cinye rabin soson kafaɗar kwat. Ta hau baranda tana taƙama, ta kai hanci jikin bargo, ta tsaya cak. Ta dubi Kawu, irin kallon da ake yi wa wanda aka daɗe ana girmamawa. Sannan ta bi ta kan bango ta bar gidan.

"Dabba ce," in ji Kawu. "Me ta sani a girkin ƙasashen waje?"

Murfin ya fara ɗagawa yana sauka kamar mai numfashi. Kawu ya buɗe jakar aikina ya ɗebi tsohon tub ɗin taya, ya yanka shi dogo dogo, ya ɗaure murfin tam ta kowane gefe, wai kada albarka ta tsere. Ya bi gida gida yana shela: gobe da hantsi a tsakar gida, kowa ya zo da kofinsa.

Da safe na tafi firiza yadda na saba. Tun kafin in kai, ƙafata ta taka ruwa. Wayar firji tana ƙasa, tun jiya ba a mayar ba. Na buɗe. Babu sanyin da ya bugi fuskata. Babu roba mai shuɗin murfi.

Na samu Kawu a baranda yana goge hularsa.

"Kawu, ina robar Mama?"

Ya ɗago. Na ga idonsa ya yi yawo, ya je firiza, ya je tukunya, ya dawo. Amma Kawu bai taɓa cewa bai sani ba tun da aka haife shi.

"Robar? Ai... ai tana ciki. Tun jiya na zuba. Sirrin sana'a ne, ba a yi a gaban mutane."

"Ka ce sai ranar ɗanɗano."

"Kuku yana canza shawara in tukunya ta yi masa magana."

Na dubi ƙatuwar abar nan da ke gurnani cikin bargo. Hannun Mama na ƙarshe yana cikinta, tare da tsinken sakacen baƙi. Na leƙa falo in gaya wa Baba, kujerarsa babu kowa. Na ce gara haka, kada ya ji. Na kama kunnen tukunya ɗaya, Kawu ya kama ɗaya, muka sauko da ita, tana yi mana ɓul a kowane taku.

Tsakar gida ta cika. Yara da kofuna, matar hawa na uku da cikakken kitso yanzu, tsohon nan da kujerarsa, Tela a bakin shago ya rufe kayan mutane da leda don ya san hali. Anti Nas ta dawo daga aiki ke nan, ta tsaya nesa, hannuwa a ƙirji.

Kawu ya hau kan bulo ya yi gyaran murya.

"Jama'a! Yau za ku sha abin da manyan baƙi ke hawa jirgi su zo sha. Wanda ya sha kofi ɗaya, ciwon gwiwa ya tafi. Wanda ya sha biyu..."

"Shi ma ya tafi," in ji Tela.

Kawu ya yi kamar bai ji ba. Ya sa wuƙa ya yanke tub ɗaya. Sauran ba su jira shi ba. Suka tsinke lokaci guda, fyau, murfin ya tashi sama kamar an harba shi, ya daki kwanon rufin shagon Tela, ya gangaro yana kiɗa. Wata kumfa mai launin toka ta taso a hankali, ta leƙo bakin tukunya, ta dubi jama'a.

Sannan warin ya iso.

Ban san yadda zan rubuta shi ba. Yara suka watse, kofuna na faɗuwa. Tsohon nan, mai kukan gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, ya tsallake kwata ya bar kujera. Wani mai wucewa a titi ya tsaya ya yi mana ta'aziyya, bai san ya makara ba.

"Haka yake yi da farko!" Kawu yana ihu, idonsa na zubar ruwa. "Ƙanshin ƙasashen waje ke nan!"

"To ƙasashen wajen sun lalace," in ji Tela daga cikin ledar da ya rufa a kai.

"Bismillah, Malam Kuku," in ji Anti Nas. "Mai girki ke fara ɗanɗanawa. Ga ni a tsaye, jakata tana da allura."

Kawu ya tsoma ludayi. Ya ɗago shi har gemu. Wani abu ya yi iyo a ciki ya juya ciki sama. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya ce bari ya huce. Aka ce ai ba zafi. Ya ce bari ya yi addu'a. Ya yi ta addu'a har ta ƙare masa.

Ni ban yi dariya ba. Ban san lokacin da na durƙusa a gefen tukunyar ba, ba na ko jin warin. Na ji bakina yana cewa, "Romon Mama ne a ciki. Shi ke nan wanda ya rage. Ko ɗanɗanawa Baba bai yi ba."

Kawu ya dube ni. Na ga girman kai na jansa ta nan, ni ta nan. Ya sauke ludayin.

"Ɗana," ya ce, muryarsa ta koma ƙarama. "Ban zuba ba. Wallahi ban zuba ba. Da na duba jiya ban same ta ba. Ban san inda take ba."

Wannan ne karo na farko da wani mahaluki ya ji Kawu ya ce bai sani ba. Tela har ya cire leda daga kai don ya tabbatar.

"Tana nan."

Muka ɗaga kai. Baba ne a saman matakala, yana saukowa daga hawan su Anti Nas, yana dafa bango da hannu ɗaya. A ɗaya hannun, manne da ƙirjinsa, roba mai shuɗin murfi, fara fat da ƙanƙara, tana hayaƙin sanyi.

"Da na ga ya zare wayar firji," in ji Baba, "na ɗauke ta na kai firizar Malama."

"Mutumin da bai taka matakala ba tun rasuwar," in ji Anti Nas, "sai ga shi a ƙofata yana haki, ya rungume roba kamar jariri."

Kawu ya dubi robar, ya dubi jama'a, na ga ransa yana dawowa jikinsa. Ya gyara hula.

"To! Kun gani? Dama haka na tsara! Na ce in ban zare wayar nan ba mijin Yaya ba zai motsa ƙafa ba. Wannan shi ake kira..."

Ya ja da baya don ya buɗe hannu da kyau. Dugadugansa suka sauka a kan kumfar da ta malalo. Ƙafa ɗaya ta tafi gabas, ya kai hannu ya kama abin da ke kusa, abin da ke kusa kuwa kunnen tukunya ne. Ta karkato a hankali, kamar mai gaisuwa, ta juye masa duka. Ruwan ya ɗauke shi a zaune, ya bi da shi gangaren tsakar gida, ƙasusuwan kaji na rakiya hagu da dama, har bakin ƙofar gida. Hular ta iso bayansa tana iyo, da cokalin roba a ciki.

Sai na ji wani sauti da na manta kamanninsa. Baba ne. Ya zauna a kan matakala, robar a cinyarsa, yana dariya har kafaɗunsa na girgiza, hawaye na bin kumatunsa. Ban san wanne ne na dariya wanne ne na Mama ba, shi ma ban ce ya sani ba.

Wanke tsakar gida ya ci sabulun gidan gaba ɗaya. Anti Nas ta tsaya a kan Kawu sai da ya kwashe kowane ƙashi ya ɗaure a leda, sannan ta tura shi banɗaki da abin kashe ƙwayoyin cuta, ta ce kada ya fito sai kyanwa ta yarda ta dawo.

Muka aro ƙaramin gas ɗin Tela. Baba da kansa ya buɗe shuɗin murfin, ya juye ƙanƙarar a ƙaramar tukunyar Mama, ya tsaya a kai har ta narke, har ta tafasa sosai tana juyawa. Ƙanshin ya cika ɗakin girkin da ba shi da ƙofa, ya fita falo, ya shiga ɗakinta, ya dawo. Na rufe ido. Kamar in na juya zan gan ta tana goge hannu a gefen zani.

Baba ya zuba kofi uku. Ya ɗauki nasa ya kurɓa, ya sake kurɓa. Ya miƙa hannu ya gutsuri burodi ya tsoma. Bai ture komai ba. Ya shanye har ya ɗaga kofin sama.

Na dubi robar, babu komai a ciki. Na ce, "Baba, ya ƙare."

"Don a sha ta dafa shi," in ji Baba. Ya goge baki. "Gobe ka sayo kaza, sabuwa. In mun ci, ba za mu tashi mu bar ƙashi a tebur ba, nan take za a ɗora. In ya dahu a zuba a faffaɗan kwano ya huce da wuri, a kai firji. Wanda za a sha cikin kwana biyu a bar shi a firji, saura a firiza. Shekara da shekaru ina kallonta daga kujerar can, ta ɗauka jarida nake karantawa."

Ƙofar banɗaki ta buɗe. Kawu ya fito ɗaure da tawul, yana warin asibiti. Baba ya tura masa kofi na uku. Ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓa. Ya zuba wa cikin kofin ido. Can ya ja hanci.

"Gishiri ya ɗan yi kaɗan," ya ce. "Na sha gaya mata. Gobe in za a ɗora, ni zan..."

"Kai za ka mayar da ƙofa," in ji Baba.

Na wanke robar, na bar murfin yadda yake, da shatin yatsan Mama a gefensa. Na ajiye su a kan kanta kusa da murhu, inda hannu zai kai gare su gobe.